Bargon da na lulluɓa wa firiza

Ana saura mako biyu a kama azumin 2023, ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka sayi firiza biyu na hannu, irin masu murfi a sama, muka sa mai kura ya kawo mana su shagon da ke jikin gidanmu a Ɗorayi. Duk wanda ya yi azumi a Kano cikin bazara ya san abin da ƙanƙara take zama da la'asar. Yaro zai fito da kula ya zaga unguwa uku bai samu ba, in ya samu kuma kuɗinta ya ninka na safe. Ruwa muna da shi, leda ba ta da tsada, albashina kuwa ba ya ganin ashirin ga wata. Muka ce me ya rage?

Gara in faɗi sana'ata tun yanzu, don a nan abin kunyar yake. Fiziks nake koyarwa a wata sakandare, shekara tara ke nan a lokacin. Babin zafi, wanda a jami'a ake faɗaɗa shi a kira shi tamodainamiks, na koyar da shi har na hardace shafukan. Ɗalibaina suna rera dokokinsa kamar karatun allo, suna shiga WAEC su amayar da su su fito. Ni kaina haka na ci nawa jarrabawar.

Shagon ɗan ƙarami ne, taku huɗu a taku huɗu, rufin kwano ba silin, ba taga, ƙofar ƙarfe tana kallon yamma. Muka ɗaure ruwa a leda lita ɗaya-ɗaya, guda 80 a kowace firiza, muka danna su har murfi yana rufuwa da ƙyar. Ruwan kuwa daga tankin roba da ke saman gida muke tara shi bayan azahar in na dawo daga makaranta, ruwan da ko alwala ba ka yi da shi sai ka sirka. Washegari muka buɗe da murnarmu. Ledojin da ke jikin bango sun ɗan yi ɓawo, in ka matsa sai ka ji ruwa yana motsi a ciki. Na tsakiya ko sanyin randa ba su kai ba.

Na ce sanyin ne yake zurarewa. Na shiga gida na lallaba uwargida ta ba ni bargunan hunturu guda biyu, na ƙara da buhunan algarara, na naɗe firizojin ruf kamar masu zazzaɓi. Na haɗa su jiki da jiki, na manna su da bango, na ce a riƙa rufe ƙofar shago kada iskar waje ta shigo. Ƙanena ya ce shagon ya fi waje zafi, ko za mu ɗan ɗaga murfin guda ɗaya ya sanyaya ɗakin? Na yi masa dariya, na tsaya minti goma ina yi masa lacca a kan cewa firji ba ya sanyaya ɗakin da yake ciki. Wannan tambayar tana cikin littafi, shi ya sa na san amsarta. Ta bargo ba ta ciki.

Kwana uku injinan suna gurnani ba hutu. A rana ta huɗu ɗaya ya fara yin ƙas ya tsaya, ya ɗan jima ya tashi, ya sake yin ƙas. Na yanke hukunci cewa gas ya ƙare, wanda ya sayar mana ya cuce mu. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wani dattijo mai gyaran firji da rumfarsa take bakin titi, shi muka kira. Ya zo a kan tsohon babur da jakar kayan aiki a baya. Ya sa ƙafa a ƙofar shagon, ya ja da baya.

"Malam, burodi kuke gasawa a nan?"

"Baba, gas ne ya ƙare. A duba mana inda yake yoyo."

Bai ko kwance jakar ba. Ya yaye bargon ya jefar waje, ya kama hannuna ya ɗora a gefen firizar. Na janye da sauri, sai ka ce na taɓa murfin tukunya.

"Wannan zafin daga ina ya fito?"

"Daga inji mana, Baba."

"Kaɗan daga inji. Mafi yawansa na ruwanka ne. Ita wannan aba ba ta haihuwar sanyi, Malam. Yasar zafi take yi daga ciki tana zubarwa a waje, kamar mai yasar rijiya. Kai kuma ka zo ka toshe inda take zubarwa."

Ya nuna mini cewa irin waɗannan firizojin ba su da baƙar ragar nan ta baya da muka saba gani a tsofaffin firji. Bututun da ke fitar da zafi a cikin bangonsu aka binne shi, ƙarƙashin farin ƙarfen waje, shi ya sa jikinsu yake ɗumi in suna aiki. Ya sa muka raba su, muka janye su daga bango kamar kamu biyu, muka wangale ƙofa. Ya ce a fasa taga a bangon gabas, a kwashe rabin ledojin. Gas lafiyarsa ƙalau. "Da wani ka kira, da ya ɗura maka gas ya karɓi kuɗinsa, jibi ka sake nemansa." Kuɗin mai kawai ya karɓa.

Yana shirin ta da babur ƙanena ya kasa yin shiru. "Baba, ai Yaya malamin wannan fannin ne a makaranta."

Dattijon ya dube ni ya ce, "To, Allah ya ƙara basira." Ya ja babur ɗinsa.

Daren nan bayan isha'i na ɗauko littafin da nake shirya darasi a ciki, na zauna a tsakar gida da fitilar waya, na yi abin da ya kamata in yi kafin in fitar da ko naira ɗaya: lissafi.

Doka ta farko a babin zafi cewa ta yi makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama ko ya sauya wuri. Zafi ma makamashi ne. Yau wannan magana kamar ba komai ba ce, amma masana a Turai sun daɗe suna ɗaukar zafi a matsayin wani irin ruwa marar nauyi da ke malala daga jiki zuwa jiki. A 1798 Count Rumford, yana kula da huda bututun igwa a birnin Munich na Jamus, ya lura cewa muddin ana gogar ƙarfen zafi ba ya ƙarewa, har ya tafasa ruwa da shi ba wuta. In ruwa ne da ke ɓoye a cikin ƙarfen, ai da ya ƙare. Sai a shekarun 1840 James Joule, ɗan gidan masu masana'antar giya a Salford kusa da Manchester, ya auna abin: ya rataya nauyi a igiya, nauyin yana sauka yana juya wani maburgi a cikin ruwa, shi kuma yana duba yadda ruwan yake ɗan ƙara ɗumi. Daga nan aka san adadin aikin da ke daidai da adadin zafi, kuma da sunansa ake kiran ma'aunin makamashi, jul. Ina karanta wannan a rubutun hannuna sai na ga ashe ni ma irin tunanin waɗancan masanan nake da shi, na dai juya shi ne. Su sun ɗauki zafi ruwa, ni na ɗauki sanyi ruwa ne da ke yoyo, na je ina toshe shi da bargo. Harshenmu ma yana taimakawa. Muna cewa a rufe ƙofa kada sanyi ya shigo, muna cewa firji yana ba da sanyi. Babu wani abu wai shi sanyi da ake bayarwa. Zafi ne ya ragu a wuri, kuma wanda ya ragun yana nan a wani wurin.

Ga lissafin. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta sauka da digiri ɗaya, sai an cire mata kilojul 4.2, kilojul ɗaya kuwa jul dubu ne. Ruwan tankinmu, da na auna washegari, digiri 38 yake. Lita 80 daga 38 zuwa sifili, kusan kilojul 12,800 ke nan. Amma kaiwa sifili ba daskarewa ba ne, a nan aikin yake somawa. Kafin kilo ɗaya na ruwan da ya riga ya kai sifili ya zama ƙanƙara, sai an ƙara cire masa kilojul 334, kuma duk tsawon lokacin ma'aunin zafi ba zai motsa daga sifili ba. Joseph Black na Glasgow ne ya gano wannan ɓoyayyen zafi a farkon shekarun 1760. Lita 80 sau 334, kilojul 26,700. Jimilla kusan 39,500, wato kamar yunit 11 a irin yunit ɗin da mitar wuta take ƙirgawa, tunda yunit ɗaya kilojul 3,600 ne. A bayan firizar an rubuta wat 160, ƙarfin wutar da take sha ke nan. In na kyautata mata zato na ce tana yasar zafi ninki ɗaya da rabi na wutar da take sha, wat 240 ke nan. Yunit ɗaya wat dubu ne na tsawon awa ɗaya, sai na raba 11,000 da 240. Awa 46. Kwana biyu cur ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba, a garin da in an ba mu awa takwas a rana muke cewa yau an yi abin kirki. Ni kuma ina jiran ƙanƙara a dare ɗaya.

Sannan ɗaya gefen. Kowace firiza tana zubar da wat 240 na ruwa, a haɗa da wat 160 na wutar da ta sha, wanda shi ma zafi yake komawa. Wat 400. Guda biyu, 800. Kamar a kunna dutsen guga a rufe shi a ɗaki dare da rana, ƙarƙashin kwano, a watan Maris. Tambayar burodin da Baba ya yi ba ba'a ba ce zalla.

Na aro ma'aunin zafi daga ɗakin gwajin makaranta. Ƙanena yana tsoma shi a ruwa ya zaro nan take ya karanta, na ce ya bari ya jima. Ma'aunin ba zafin ruwa yake nunawa ba, nasa zafin yake nunawa, sai ya zauna har su daidaita sannan lambar ta zama ta su biyu. Dokar da ta ba da izinin yin haka ita ake kira doka ta sifili: in abu biyu kowanne ya daidaita da na uku, to su ma daidai suke. Sunan nata ya zo ne don an riga an raba wa sauran lambobi kafin a ga ya kamata ta zo gabansu, Ralph Fowler ne ya raɗa mata shi a shekarun 1930. Da muka rufe shagon muka gwada yadda yake a da, ƙarfe uku na rana, digiri 46 muka gani, alhali a inuwar darbejiyar ƙofar gida 40 ne.

Doka ta biyu ita ce ta fi cin raina, don ita na taka. Zafi da kansa daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi, ba ya komawa baya, kamar yadda ruwan sama yake saukowa daga Dala ba ya hawa. In kana so ya hau, sai ka sa famfo, famfo kuwa sai an biya. Firiza famfon zafi ce. Injinta yana matse gas, gas in an matse shi yana ɗaukar zafi, duk wanda ya taɓa riƙe gindin famfon keke bayan ya hura taya ya sani. Gas ɗin nan da ya fi ɗakin zafi yana bi ta bututun bango, yana sakar wa ɗaki zafinsa, ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta wani siririn bututu kamar tsinke, ya faɗa inda matsin ya yi ƙasa, sai ya tafasa. Tafasa ce ta gaske, amma a cikin sanyi. Gas ɗin R600a da ke cikin namu, ko a matsin iskar da muke shaƙa, yana tafasa ne a wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Duk abin da zai tafasa kuwa sai ya sha zafi daga wani wuri, shi ne yake zuƙa daga ledojina. Ya koma inji, a sake zagayowa. Sharaɗin guda ne: dole bangon ya fi abin da ke kewaye da shi zafi kafin ya iya saki. Da na naɗe shi da bargo, zafin ya rasa mafita, matsi ya yi ta hawa, inji ya yi ta wahala har abin kariyarsa ya fara yanke shi. Ƙas ɗin da nake ji ke nan. Da Baba ya ƙara kwana biyu bai zo ba, da sabon inji za mu saya.

Wani injiniyan Faransa, Sadi Carnot, tun 1824 yana ɗan shekara 28 ya gano cewa akwai iyakar da babu injin zafi da zai wuce ta, komai gwanintar maƙerinsa, kuma iyakar ta rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin ɓangare mai zafi da mai sanyi. In aka juyo da ita kan firiza, lissafin ba wuya. A ƙara 273 a kan kowane digiri don a koma ma'aunin Kelbin, wanda yake fara ƙirga daga ƙarshen sanyi, sannan a raba na ciki da tazarar. Amsar ita ce iyakar zafin da firiza za ta iya yashewa, ninki nawa na wutar da ta sha. Ciki digiri 18 ƙasa da sifili, 255 ke nan. In ɗaki yana 30, tazara 48, amsa 5.3. In ɗaki yana 46, tazara 64, amsa ta sauko kusan 4. Ko firizar da ba ta da aibi ko ɗaya, wadda ba a taɓa ƙerawa ba, ta yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta saboda zafin shago kawai. Ina ga tamu ta hannu da ta ga jiya ta ga yau.

Muka fasa taga. Muka shimfiɗa zana a saman kwanon, muka ɗan ɗaga ta da duwatsu iska tana bi ta ƙasa. Ina wannan aikin ina tuna ɗakin kakata a cikin Birni, ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, inda za ka shiga da rana tsaka ka ji kamar an yi yayyafi. Zafin rana kafin ya ratsa bangon dare ya yi. Mu kuma muka rushe irinsu muka yi bulo da kwano, muna neman kuɗin fanka.

Ita dai kakar ce ta sa na tuna da randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasar randa ya bushe, kuma kowane kilo da ya tashi ya bi iska yana tafiya da wajen kilojul 2,400, wani ɓangarensa daga ruwan da ya rage a ciki. Gumin jikinmu ma haka yake aiki. A bazarar Kano iska a bushe take ƙayau, randa tana aikinta sosai. A Agusta, da iska ta ƙoshi da laima, ruwan randa salam yake. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye a ƙauyukan da ba wuta, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Muka sayi manyan randuna uku, muka daina tarar ruwa da rana. Da daddare muke cika su, da asuba bayan sahur ruwan yana wajen digiri 24. Na so in ce wannan ne ya cece mu, amma lissafi bai yarda ba. Digiri 14 a lita 80 kilojul 4,700 ne, kashi 12 cikin ɗari kacal. Ya taimaka, amma babban bashin na daskarewa ne, shi kuwa ba ragi. Abin da ya fi amfani shi ne rage haɗama: leda 40 a lokaci guda, a jera su da ɗan fili a tsakani, waɗanda suka kama a mayar da su ɗaya firizar. A goman ƙarshe muka fara sayar da ƙanƙara mai tauri da in ta faɗi ƙasa take ƙara kamar dutse.

Bayan Sallah muka ci gaba, muna haɗawa da ƙaramin janareta in wuta ta daɗe ba ta zo ba. Sai ga 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya kusan ninkawa uku. Na sake ɗauko biro. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashi kusan yunit 9. Ƙaramin inji irin namu, ko yana cikin ƙoshin lafiya, da ƙyar ya mayar da kashi ɗaya cikin biyar wutar lantarki. Sauran yana fita ta salansa da jikin injin, ka tsaya kusa da shi ka ji inda kuɗinka yake tafiya. Wani ɓangaren laifin ƙira ne, amma ko an gyara komai ba za a kai ɗari bisa ɗari ba, don dokar nan ta biyu, yadda masanin nan Kelvin, mai ma'aunin Kelbin, ya faɗe ta a 1851, ta hana a mayar da zafi aiki gaba ɗayansa ba tare da an zubar da wani abu a wuri mai sanyi ba. Ga shi kuma injin yana shan mansa ko da nauyin da ke kansa firiza biyu ne kawai. Muka daina daskarar da ruwa da janareta daga farko, sai dai mu ƙarasa wanda ya kusa kamawa. Shi kuma injin a waje yake kwana, a ɗaure da sarƙa. Hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kisa, ba ya kuma sallama.

A wannan tsakanin ƙanena ya zo mini da bidiyo a Facebook, ido yana ƙyalli. Wani ne ya haɗa janareta marar mai: injin lantarki irin na fanka yana juya dainamo, wato abin da ke samar da wuta in an juya shi, dainamo yana ba injin wuta, ragowar kuma ana kunna ƙwai da fanka.

"Yaya, in muka samu wannan ai mun huta."

Na ce ya duba da kyau, ko dai akwai batir a ɓoye, ko waya ta bi ta ƙarƙashin tebur. Kowane zagaye, wani abu yana tsiyayewa a gogayyar ƙarfe da ɗumin waya, ba ya dawowa. Ko kansa abin ba zai iya riƙewa ba, balle ya ba fanka. Mutane sun daɗe suna wannan mafarkin, har Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta gaji, a 1775 ta ce ta daina duba takardun masu kawo injin da ba ya tsayawa. Ya ce to sola fa, ai ba ta shan mai. Na ce sola rana take sha, ba daga babu take samowa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bai ji daɗi ba, kuma na lura tun ranar bargo maganata ta rage nauyi a wurinsa, sai da ya je ya tambayi Baba, ya faɗa masa haka, sannan ya haƙura.

Kalmar entirofi, wadda Rudolf Clausius ya ƙirƙiro a 1865, shekara tara ina rubuta ta a allo ina wucewa da sauri kada a tambaye ni. Yanzu in an tambaya, kofin zoɓo nake kawowa. Jefa ƙanƙara a ciki, zoɓon ya yi sanyi, ƙanƙara ta narke. Ba wanda ya taɓa ganin zoɓo ya ƙara ɗumi da kansa ya tofo ƙanƙara. Doka ta farko ba ta hana hakan ba, tunda jimillar makamashin ba za ta sauya ba. Abin da ya hana shi ne makamashi in ya samu hanya bazuwa yake yi, hanyoyin bazuwa kuwa sun fi na taruwa yawa nesa ba kusa ba. Entirofi awon wannan bazuwar ne, kuma in aka haɗa ciki da waje, jimillarsa ba ta raguwa. Ƙanƙarar da nake sayarwa tsari ne da na tara a cikin leda, na biya kuɗinsa da zafin da na watsa wa shago, da unguwa.

Da aka koma makaranta na sauya yadda nake shiga babin. Na zo da kwanon sha cike da fasasshiyar ƙanƙara, na tsoma ma'auni, na ajiye a tebur cikin zafin aji, na sa yara suna juyawa suna karantawa duk bayan minti biyu. Sifili. Sifili. Ƙanƙara tana narkewa a gabansu, ruwa yana ƙaruwa, lamba ba ta motsi. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, ina ga abin ya lalace."

Na ce ta riƙe kan ma'aunin a tafin hannunta. Jan layin ya tashi. Ta mayar cikin kwano, ya sauko ya tsaya a sifili. Sai da guntun ƙarshe ya narke sannan ya fara hawa, ajin ya ɗauki sowa kamar an ci ƙwallo. Ranar ne kuma na ga wahalar da kalmar zafi take ba mu, don ita kaɗai muke amfani da ita ga abu biyu. Tartsatsin walda ya fi ruwan wanka kaifin zafi nesa, amma ya faɗo maka a hannu ka kakkaɓe, bokitin tafasasshen ruwa kuwa sai asibiti. Ɗaya kaifi ne, shi ma'auni yake nunawa, ɗaya yawa ne, shi ake ƙirgawa da jul. Da Turanci nake bayanin nan shekara da shekaru yara suna gyaɗa kai. Da na faɗe shi da Hausa sai ga tambayoyi. Wani ya ce in an yi ta yasar zafi, ina ne ƙarshen sanyi? Na ce digiri 273.15 ƙasa da sifili, kuma doka ta uku, wadda ta samo asali daga aikin Walther Nernst a 1906, ta ce ana iya matsowa kusa da shi amma ba a isa. Ya ce kamar albashi da ƙarshen wata. Ban san a gidan wa ya ji ba.

Barguna dai ban mayar wa uwargida ba, don Baba da ya sake biyowa ya ce suna da ranarsu. In an ɗauke wuta, inji ya tsaya, bango ba ya fitar da komai, zafin waje ne kawai yake neman hanyar shiga, lokacin ne ake lulluɓawa. In an kawo, a yaye. Azumin 2024 haka muka yi shi, ba mu kira mai gyara ko sau ɗaya ba. Matsalar ita ce masu wuta ba sa shawara da kowa. Ƙarfe biyu na dare fanka za ta fara juyawa, in ji an taɓa ni.

"Malam, an kawo wuta. Tashi ka je ka yaye wa amarenka bargo."

In lalubi makulli da fitila, in fita ba takalmi.